Tun da ya fasa aurena ko waƙar farkon fim ɗin na ji sai ƙirjina ya yi nauyi

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Ni budurwa ce shekarata 24, ina Sabuwar Unguwa nan Katsina. Shekara biyu da rabi muna tare da wani har an sa mana rana, saura wata biyu biki ya aiko a karɓo mashi kayanshi, babu wani dalili da ya faɗa, bayan wata huɗu na ji ya auri wata. Yau wata bakwai kenan da rabuwarmu. Matsalata ita ce akwai wani fim mai dogon zango da nake mutuwar so tun kafin in san shi, duk ranar da aka saki sabon kashi shi yana gidansu ni ina gidanmu muna kallo muna cati, da daddare kuma mu buga ludo ta waya har sha biyu. Shi ya koya mani kallon ƙwallo har na zama 'yar Arsenal. Yanzu wlh ko waƙar farkon fim ɗin na jiyo daga gidan maƙwabta sai in ji kamar zan yi amai, ƙannena in suna kallo a falo sai in shige ɗaki in toshe kunne. Ludon sau uku ina gogewa ina sake saukewa. Mama ta ce rashin tawakkali ne, wata ƙawata ta ce ƙila asiri ne. Ni dai haushina ya tafi kuma ya tafi da abubuwan da nake so. Ya zan yi in dawo da su, ko haƙura zan yi da su gaba ɗaya?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata, Allah ya musanya maki da mafi alheri. Sau biyu na karanta saƙonki, abin da na fahimta shi ne asara biyu kika yi, ta mutum da kuma ta abin da kike hutawa da shi in kin gaji, kuma ta biyun ce ta fi ci maki rai yanzu don ita ce babu mai yi maki jaje a kanta. Kowa zai ce sannu an fasa aure, amma wa zai ce sannu kin daina kallon fim? Sai ma a yi maki dariya. Ni nas ce a ɓangaren lafiyar ƙwaƙwalwa, na haura shekara sha biyar ina zama da mutane muna irin wannan magana, amma ki riƙe cewa ta saƙo ɗaya ba a gane ciwon mutum, abin da zan faɗa maki bayani ne da shawara gwargwadon abin da kika rubuto.

Ranar da aka tattara kayan sa rana za a mayar, na san an zauna an ware, wannan nashi wannan naki. To a cikin zuciya ba a yi wannan zaman ba, shi ya sa aka haɗa har da zannuwanki aka kai gidansu. Aikin da ke gabanmu kenan, mu ga wanne ne naki ki karɓo abinki, wanne ne nashi ki bar mashi.

Me ya haɗa fim da shi har jiki ke amsawa

Hausawa sun riga masu bincike faɗa, wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya zabura. Tsumma bai yi mashi komai ba, jikinshi ne ya haɗa biyun. Wani masani ɗan Rasha, Ivan Pavlov, wanda ya karɓi kyautar Nobel a 1904 kan binciken narkewar abinci, yana aiki da karnuka sai ya lura miyansu na zuba tun kafin a ajiye abincin, da sun ga mai kawo masu ko sun ji alamar zuwanshi. Sai ya riƙa kaɗa wani sauti kafin abinci, a kwana a tashi sautin kaɗai ya isa ya sa miyau ya zubo. Kar ki ce Anti ta kwatanta ni da kare, dukkanmu haka ƙwaƙwalwarmu take koyo, abu biyu in sun daɗe suna zuwa tare sai ta ɗaure su da igiya guda ba tare da ta nemi izininki ba.

Yi lissafi da kanki. Shekara biyu da rabi ya kai sati 130, ko an cire hutun da masu fim ke yi tsakanin zango da zango kin ji waccan waƙar sau da yawa ƙwarai wayarki na hannunki saƙonshi na shigowa. Ludo kuwa kusan kullum ne, ɗaruruwan darare. A da waƙar na nufin ga shi nan zai yi magana, har yanzu in ta tashi jikinki wannan saƙon yake karɓa, ya shirya tarbarshi, sai kuma ya tarar babu kowa, kuma wanda babu ɗin wulaƙanci ya yi. Nauyin ƙirji da tashin zuciyar daga nan suke, jiki ne ya ɗauki abin a matsayin haɗari, zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya taƙaita, ciki ya juya.

Kuma ciwon na gaske ne, ba shagwaɓa ba. A 2003 Naomi Eisenberger da abokan aikinta a wata jami'a ta Kalifoniya a Amurka sun sa mutane cikin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suna buga wani ɗan wasan jefa ƙwallo a kwamfuta, suna zaton da mutum biyu suke yi alhali na'ura ce, ana cikin yi sai aka daina jefo masu. Wurin da ya motsa a ƙwaƙwalwarsu yana cikin wuraren da ke motsi in mutum na jin zafin ciwo na jiki. Masana na ta muhawara kan yadda za a fassara wannan har yau, amma ki duba, wasan banza ne na minti kaɗan da mutanen da ba su taɓa gani ba kuma ya yi masu zafi, ina ga wanda aka sa maku rana.

Maganar tawakkali da ta asiri

Mama don tana son ki ta faɗa, tana so ta ga kin miƙe, kar ki riƙe ta. Amma tunawa da mutum saboda wani sauti ko wata fuska bai taɓa zama raunin imani ba. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Halatu 'yar Khuwailid, 'yar'uwar Nana Khadija, ta zo ta nemi izinin shiga wajen Manzon Allah (SAW) bayan rasuwar Khadija, da ya ji irin sallamarta sai ya tuna neman izinin Khadija, abin ya motsa shi har ya ce ya Allah, Halatu ce. Sauti ne fa kawai. Wanda ya fi kama da naki ma shi ne labarin Wahshi da ya kashe Sayyidina Hamza a Uhudu, daga baya ya zo ya musulunta aka karɓi musuluncinshi, amma Annabi (SAW) ya tambaye shi ko zai iya ɓoye mashi fuskarshi. An yafe, amma ganin fuskar na taso da ciwo. In kin samu Mama cikin nishaɗi ki ba ta waɗannan biyun a hankali ba da sigar gardama ba, ki ce mata kin yarda da ƙaddara, jikin ne bai gama yarda ba.

Asiri kuwa, ni ba malama ba ce kuma ba zan hana ki azkar ɗinki na safe da yamma ba, ki ƙara ma, da addu'ar nan ta neman tsari daga hammi da hazan. Sai dai abin da kika siffanta yana da ƙofa sananniya, fim ɗin, ludon, ƙwallon, duk abubuwan da kuka yi tare ne, ba ki ce yana taso maki haka kawai kina wanke-wanke ba. Na ga mata da yawa da suka sayar da ɗan kunne da zobe suka kai inda aka ce masu za a karya abu, suka dawo babu zobe ga waƙa na nan na tayar masu da hankali.

Shiga ɗaki da toshe kunne

Nan ne zan ɗan matsa maki. Duk lokacin da waƙar ta tashi kika ruga ɗaki, nan take kina samun sauƙi, kuma wannan sauƙin shi ne tarkon, don ƙwaƙwalwa sai ta rubuta cewa da ba mu gudu ba da mun halaka, gobe ta ƙara saurin kaɗa maki ƙararrawa. Ba ta taɓa samun damar ganin cewa in kin zauna, nauyin zai hau ya kai wani wuri ya tsaya ya fara sauka da kanshi ba. Kuma gudu yaɗuwa yake kamar ruwa a tabarma, yau fim ne, gobe falon ne gaba ɗaya a daren da ake sakin fim, jibi hirar ƙawaye a gidan biki in an ɗauko labarin 'yan fim ɗin sai ki tashi. Ki lura yanzu ma ba fim kaɗai kika rasa ba, kin rasa zama da ƙannenki, kuma kina kwance ke kaɗai a ɗaki cikin duhu, wurin da tunaninshi ya fi samun fili. An huce haushin kaza a kan dami kenan, shi yana can da amaryarshi, ƙannenki da fim ke biyan bashi.

Cewa da kai kar in tuna shi ma ba ya aiki. A 1987 wani masanin halayyar ɗan Adam, Daniel Wegner, ya ce wa wasu ɗalibai su yi minti biyar kar su yi tunanin wata farar dabbar ƙanƙara, duk sanda ta faɗo masu a rai su buga ƙararrawa, suka yi ta bugawa, kuma da aka sake su daga baya tunanin ya ƙara yi masu yawa. Gwada da kanki yanzu, kar ki tuna hasumiyar Gobarau. Kin ga ta ko? To haka kike yi da shi duk dare.

Sannan tambaya ɗaya da ba sai kin ba ni amsa ba, ki ba kanki. Sau ukun nan da kika sake sauke ludo, wasan kika yi marmari ko so kike ki ga ko yana kan layi, ko ya canza hoto, ko da wa yake bugawa yanzu? Ba zargi ba ne, kusan kowa na yi. Amma in leƙe ne, to ludon ya zama taga, kuma duk leƙe ɗaya ɓawon gyambon kike ɓanɓarewa.

A ware kaya

Fim ɗin naki ne, da bakinki kika ce tun kafin ki san shi kike son shi, shi baƙo ne ya zo ya tarar ya zauna. Wannan za mu karɓo.

Ludo rabi da rabi ne. Wasan kanshi na tabbata tun kina firamare kike bugawa a tsakar gida, amma ludon waya na ƙarfe goma zuwa sha biyu da wancan akawun ɗin, wannan zance ne aka yi mashi rigar wasa. Ba za ki iya dawo da shi yadda yake ba don abin da ke cikinshi mutum ne.

Arsenal kuma ki tambayi kanki tsakani da Allah, in ana wasa ƙwallon kike kallo ko murnarshi kike jira in an ci? Akwai abubuwan da muke so don mai su ne kawai, in ya tafi suka bi shi ba asara aka yi ba, sabo ne, kuma an ce sabo turken wawa. Ba dole sai kin ƙwato komai ba don ki nuna kin warke.

Yadda ake komawa

Abin da muke yi da masu irin wannan shi ne komawa kaɗan kaɗan, da niyya, a yanayin da ya saɓa da na da. Tsohuwar igiyar ba a tsinke ta, sabbi ake ɗaurawa a kanta har su rinjaye ta, waƙar ta daina nufin shi kaɗai ta koma nufin ƙannenki da surutunsu da ƙamshin girkin Mama.

Ki fara da rana tsaka, kar ki fara da dare, kuma ba kan gadon da kike kwanciya kuna cati ba. Wayarki ki bar ta a caji a wani ɗaki, don rabin abin a hannu yake, hannun ya saba ana kallo yana rubutu, ki kalla a talabijin ko wayar ƙanwarki. Ki zaɓi tsofaffin kashi na farko farko waɗanda kika kalla kafin ya shigo rayuwarki, su ne ba su da ƙamshinshi sosai. Ki zauna da mutum, kuma in son samu ne mai surutu, irin gwaggon nan da ba ta iya kallo shiru sai ta zagi mugun cikin fim ta ba jaruma shawara. Ki ba hannunki aiki, tsinkar zogale, gyaran wake, tsifar kan ƙanwarki. Ranar farko ki tsallake waƙar farkon tukuna, ki yanke minti goma, kuma sharaɗin shi ne in nauyin ya zo ba za ki tashi ba sai minti goman sun cika. Kafin ki fara ki ba nauyin maki daga sifili zuwa goma, a tsakiya ki sake ba shi, a ƙarshe ma haka, ki rubuta a bayan wani littafi. In hawaye ya zo ki bar shi ya zubo kina zaune, ki riƙa sakin numfashi a hankali ya fi shaƙarshi tsawo, in tunaninshi ya faɗo ki ce a ranki ga shi nan ya zo, ba kora ba tarba, ki maida ido kan allo.

Ki maimaita sau uku ko huɗu a sati, yi ɗaya a bar shi wata guda ba ya koya wa jiki komai. In minti goma ya daina kai ki sama da huɗu ko biyar sai ki ƙara zuwa kashi guda cikakke, daga nan ki bar waƙar ta yi tun daga farko har ƙarshe, daga nan kashin da kuka kalla tare, can ƙarshe sabon kashi a daren da aka sake shi a falo da kowa. Ki riƙa canza wuri kuma, yau gidanku gobe gidan yayarki jibi wajen kitso, don abin da jiki ya koya a ɗaki ɗaya wani lokaci ba ya bin mutum zuwa wani ɗakin.

Wani abu da nake faɗa tun farko don kar a karaya, zai dawo. Pavlov ɗin ma ya gani, bayan karnukan sun daina amsa sautin, in aka huta aka dawo sai miyau ya ɗan sake zubowa. Za ki yi sati uku lafiya lau, sai ranar da ta yi daidai da ranar da aka sa, ko daren Sallah, ko ki hange shi a Kofar Kaura cikin mota, ki ji kamar ba ki taɓa yin komai ba. Ba komawa baya ba ne, ki duba makin da kika rubuta a littafi ki ga daga inda kika taso, washegari ki ci gaba, saukarshi ta biyu ta fi ta farko sauri.

Akwai wani yaro da na taɓa zama da shi, na canza wasu abubuwa don kar a gane shi. Shi amininshi ne ya rasu a hatsarin mota a hanyar Kano, kuma kullum bayan isha'i suna gidan gem suna buga ƙwallo a PlayStation, shi Barcelona abokin Madrid, shekara da shekaru ba sa canzawa. Bayan rasuwar har hanya ya canza, ya gwammace ya zagaya ta wani lungu mai kwata da ya bi ta ƙofar shagon, don ko ihun mai sharhin nan na cikin gem ya jiyo sai ƙafarshi ta yi sanyi. Satin farko abin da na sa shi kawai ya bi ta ƙofar ya sayi fiya wata wajen mai teburin da ke gefe ya shanye a tsaye. Sati na biyu ya shiga ya zauna kan benci yana kallon wasu. Ranar da ya fara karɓar hannun gem, ya ce mani sai da aka miƙo mashi wanda aka naɗe da baƙin salatif, wanda marigayin ke cewa nashi ne don maɓallinshi ya fi laushi, ya riƙe ya kasa danna komai har aka ci shi uku, yaron da suke bugawa yana ta murna bai san me ke faruwa ba. Amma ya zauna har aka tashi. Bayan kamar wata biyu ya dawo bugawa, kuma wani abin da ban sa shi ba, ya koma ɗaukar Madrid. Nashi rasuwa ce, yana so ya riƙe tunawar ne ta daina yanka shi, ke kuma so kike ki sauke, amma matakan iri ɗaya ne.

Ludo da awa biyun dare

Wancan akawun ɗin ki rufe shi, in za ki sake na waya ki buɗe sabo wanda ba ya haɗe da lambarshi ko Facebook ɗinshi. Amma ni da za ki bi tawa, ki aiki ƙaninki kasuwa ya sayo na kwali mai gilashi, ku baje a tabarma bayan la'asar, ƙarar ɗiyan ludo cikin ɗan kofi da rigimar wa ya ci sikis wa ya yi maguɗi ba su da alaƙa da shi ko kaɗan. Sitatus ɗinshi da na amaryar da na ƙannenshi duk ki rufe, ba gaba ba ce, mijin wata ne yanzu babu abin da ya wajabta maki kallon rayuwarshi, in kun haɗu a hanya sallama ta wadatar.

Abin da ya fi ludon muhimmanci shi ne ramin da ya bari, ƙarfe goma zuwa sha biyu. Jikinki ya saba a wannan lokacin yana farke yana jiran wani. In ba ki shirya ma lokacin komai ba tunani zai cika shi. Ki matso da barcinki, waya ta kwana a falo, in akwai ƙanwar da za ta dawo ɗakinki na ɗan lokaci ta dawo.

Sai kuma abin da ba ki tambaya ba amma yana ƙarƙashin komai, bai faɗi dalili ba. Mutum in an ba shi dalili ko mai ɗaci ne yana haɗiyewa, in ba a ba shi ba sai ya yi ta tuhumar kanshi, me na yi, me ta fi ni. Finafinanmu kuma kin sani, kashi uku ba sa wucewa ba a fasa aure ko an ci amana ba, wani lokacin ba waƙar ce ke taɓa ki ba labarin ne. Akwai wata hanya da wani masanin halayyar ɗan Adam, James Pennebaker, ya fara gwadawa a 1986, mutum ya zauna minti 15 kullum har kwana huɗu a jere ya rubuta abin da ke cin shi ba tare da gyara ba. Ba kowa take yi ma aiki ba, amma ba ta cin ko sisi. Ki rubuta mashi duk abin da ba ki samu faɗa ba har da zagin, kar ki tura, ki yaga ko ki sa a murhu. Haushin yana buƙatar wurin zuwa, in ba haka ba fim zai ci gaba da ɗauka.

Inda shawarata ta tsaya

Duk wannan na faɗa ne bisa cewa waɗannan abubuwa ukun ne suka lalace, sauran rayuwa tana tafiya. In kuwa kin duba kin ga ba fim kaɗai ba ne, abinci ba ɗanɗano, biki ba daɗi, hira ba daɗi, barci ya ƙi ko ya yi yawa, kina ramewa, kina jin ba ki da amfani, kuma haka kusan kullum har sati biyu ko fiye, to wannan ya fi kama da ciwon damuwa kuma yana da magani, ki je babban asibiti ki ga likita ki faɗa mashi kamar yadda kika faɗa mani, in da buƙata zai tura ki wajen masu fannin. Akwai asibitocin da aikinsu kenan, na Kware a Sakkwato, na Barnawa a Kaduna, na Dawanau a Kano, kuma zuwa can ba ya nufin hauka, a farkon 2023 ma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 don kare haƙƙin masu neman irin wannan taimako. In tunanin gara mutuwa ko na cutar da kanki ya taɓa zuwa, wannan ba na jira ba ne, a yau ki faɗa ma Mama ko wani babba da kika yarda da shi a kai ki asibiti. Haka in mutumin ya taɓa dukanki ko ya yi maki wani abu na cin zarafi da ba ki rubuto ba, kar ki yi wannan komawar ke kaɗai, sai da ƙwararre a kusa.

Dan Allah kuma kar wata ƙawa ta miƙo maki ƙwayar barci ko maganin tari ta ce zai sa ki manta. Tun 2018 gwamnati ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin saboda ɓarnar da ya yi, kuma da yawa daga matan da na gani a kanshi da ɓacin ran soyayya ko na gidan miji suka fara.

Ba kuma zan yi maki alkawarin komai zai dawo yadda yake ba. Wasu in sun koma sai su tarar zafin ya tafi amma daɗin ma ya ragu, fim ɗin ya zama fim kawai, a nan sai ki bar shi da zaɓinki ki nemi wani, bari na wanda ya ƙoshi daban yake da bari na wanda aka kora. Ni kaina mahaifina ɗan dara ne na gaske, a Daura ƙofar gidanmu har ramukan sun zauna a ƙasa don kullum nan suke zama da abokanshi bayan la'asar, shi ya koya mani ina ƙarama ina tsugune gefenshi ina riƙe mashi tsinke. Shekara tara da rasuwarshi, yanzu ina iya tsayawa in kalli tsofaffi na yi har in gane wanda zai ci, amma ban sake sa hannu ba, kuma ban matsa ma kaina ba.

Ki fara da minti goman nan cikin satin nan, ki sa ƙanwarki ta zaɓo kashin don kar ki tsaya dogon tunani, bayan sati huɗu ki rubuto mani makin da kika samu ko da bai sauka ba, sai mu ga inda za a gyara. Arsenal kuwa ki ba su hutu tukuna, in kakar wasa ta zagayo kika ji kina son sanin ko sun ci to taki ce, in ba ki ji ba Katsina United na nan filin Muhammadu Dikko, ƙaninki zai ba ki labari.